Nababa Ya Yi Wa Kyamara Huɗa

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina bin bayan Nababa da gangata, saboda haka in na tashi faɗin wautarsa ba wanda zai ce na shiga sharo ba shanu. Sunana Tahir. Kiɗan noma na gada, kuma a Kwarin Ɗinya, ƙauyenmu da ke gabas da Ɗanbatta, ba a yi wata gayya ba ni ba tun ina saurayi.

Nababa gajere ne, kakkaura, wuyansa ya shige cikin kafaɗa. Ba shi da shanu, bai je Makka ba, ko limancin sallar mutum uku ba a taɓa ba shi ba. Abu ɗaya ya mallaka wanda ya fi na kowa, shi ne suna. In aka ce barden noma, daga nan har kasuwar Ɗanbatta an san da wa ake.

Ga wanda bai taɓa ganin gayya ba, ga yadda take. Mai gona zai kira jama'a, matansa su dama fura, maza su jeru a bakin gona kowa da garmarsa, kowa da kunyar da zai tayar, wato layin tudun ƙasar da ake shuka a kai. Wanda ya riga kowa kai kunyarsa ƙarshe, shi ke da rawa. Sauran suna can a duƙe suna nishi, shi kuwa yana cilla garma sama yana cafewa, yana tsalle, yana yi wa kansa kirari. Ni makaɗi ba ni ke jan su ba. Garmar na gaba nake kallo, inda ta sara nan nake bugawa. A shekarun nan duka garmar Nababa na fi kalla, domin da wuya wani ya riga shi.

Amma ba saurin kaɗai ya ba shi suna ba. Ido gare shi. Ya tsaya a gona ya dube ta sau ɗaya, zai gaya maka inda ruwa zai bi. Ƙasarmu gangare ce, tana zubawa rafi, kuma ko yaro ya san kunya gicciye take yi wa gangare, don ruwan sama ya tsaya tsakanin kunyoyi ya shiga ƙasa maimakon ya kwashe ta ya tafi. Sai dai sanin ainihin inda za a karkata da inda za a miƙe, wannan sai Nababa. Duk wanda zai huɗe sabuwar gona sai ya zo ya ɗauke shi ya duba masa. Shi kuma bakinsa ba linzami. Ya taɓa tsayawa a gonar maƙwabcinsa Iliyasu, gaban mutane, ya ce, "Wannan huɗa ce ko hanya ka share wa ruwa?" Iliyasu ya yi dariya a ranar, amma bai manta ba.

Gonarsa ta gado ita ce shaidarsa. Ta fi kowace gona gangare, daga tudu har bakin rafi inda giginyoyi suke, amma ko damina ta yi hauka ba ka ganin jan ruwa yana fita daga cikinta. Taki kuwa kowace shekara da jaki yake kai shi, har ƙasar ta yi baƙi.

Sannu a hankali gayya ta mutu. Garmar shanu ta zo, feshin ciyawa ya zo, samari suka koma acaba da tafiya birni. Gangata ta koma rataye a zaure. Nababa ya kama hanyar shekara sittin, ya zama mai ba da labarin da a gindin ɗinya, ga samari kowa kansa a kan waya. Wata rana ya ce da ni, "Tahir, haka za mu mutu ke nan, ba wanda zai san an yi mu?" Na ce Allah ya sani, ai ya isa. Bai ji daɗin amsar ba. Tun daga lokacin na gane akwai wata yunwa a cikinsa da tuwo ba ya kashewa.

Bara waccan, da faɗuwar damina, sai ga Najib. Jikan wani mutumin garinmu ne, amma a birni aka haife shi, kuma sana'arsa shirya fim. Ya zo da tabarau a goshi, ya durƙusa ya gaishe mu da ladabi, ban ƙwace masa wannan ba. Ya ce yana so ya ɗauki rawar noma kafin ta ɓace. Sannan ya fito da waya ya nuna mana irin yadda yake so ta fito.

Wata rawar Turawa ce, ya ce sunanta bale. Mata ne da yawa cikin fararen kaya, a tsaye kan yatsun ƙafa, sun jeru, in ɗaya ta ɗaga hannu duk sun ɗaga, kamar zare ɗaya ke jan su. Ban raina su ba. Duk wanda ya iya tsayawa kan babban yatsa ya juya, ya sha wuya kafin ya iya. Najib ya ce, "Baba, kun ga wannan? Ba abin da ya faru a ciki bisa kuskure. An zaɓi wurin, an auna haske, an ƙirga kowane taku, an san wa ke gaba wa ke baya. Abu uku ne, wuri da tsari da 'yan rawa. Gayya kuwa yadda kuke yin ta, a kyamara hayaniya ce kawai."

Na jira Nababa ya ce wani abu, mutumin da ba a gama magana a gabansa sai ya soke ta. Sai na ga yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Wurin da Najib ya zaɓa gonar Nababa ce, saboda gangaren da giginyoyin. A lokacin bai huɗe ta ba, gyaɗa yake shirin sawa. Aka kira gayya, mutum ashirin suka amsa, rabinsu don a gan su a fim. Ranar da za a fara, mota ta sauke samari shida daga birni, su ne 'yan rawar. Shugabansu sunansa Kamaruddeen, dogo, kyakkyawa, da muka gaisa na ji tafin hannunsa kamar na amarya. Sun zo da sababbin garemani har da fenti a ƙota. Nababa kuwa aka ba shi warki, fatar nan ta ɗaurawa a gindi, ya ɗaura a kan gajeren wando. Matarsa Barira ta leƙo ta gan shi, ta ce, "Malam, ni dai tun da na shigo gidan nan da wando na san ka kana noma." Ya ce ba ta san harkar ba.

Ni ma ban tsira ba, kuma ba zan ɓoye ba. Najib ya sa na yi kiɗa sau ɗaya, ya naɗa, daga nan sai lasifika ta riƙa maimaitawa, wai don kowace ɗauka ta zo daidai da 'yar'uwarta. Ni aikina in rataya ganga in riƙa ɗaga gula ina saukewa ba tare da na taɓa fata ba. Na yi. Kwana uku ina dukan iska, ni da gemuna, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da safiyar farko jama'a suka jeru yadda aka saba, a gefen gona, za a ja kunyoyi a gicciye. Najib ya leƙa kyamara, ya koma can, ya dawo nan, ya girgiza kai. Ya ce a haka gefen mutane kawai ake gani, kuma layukan suna yanke hoton. So yake a fara daga tudu a gangaro, layuka su miƙe sambal zuwa rafi, 'yan rawa su riƙa sauko wa kyamara rana tana bayansu.

Mutum ashirin, kowa manomi ɗan manomi, duk suka juya suna kallon mai gona. Iliyasu ya jingina da garmarsa yana murmushi.

Na matsa kusa na ce, "Nababa, gangare ne fa."

Ya ce, "Kai za ka gaya mini gangare ne?"

Najib bai san me ake ciki ba, kuma ba wanda ya gaya masa, domin ba a tsallake mai gona a yi magana a kan gonarsa. Ya dafa kafaɗar Nababa ya ce, "Baba, kai ne a tsakiya. In an gangaro, fuskarka za a fara gani." Na ga maganar ta shige shi. Ya dubi rafi, ya dubi kyamara, ya ce da jama'a, "Ku yi yadda ya ce. In an gama na juya abata."

Da a ce jahili ne ya yi wannan, da tausayinsa zan ji. Amma mutumin da ya fi kowa sani a ƙasar nan, shi ya ɗauki garma ya fara sara daga tudu yana fuskantar rafi.

Fuskar da aka yi masa alkawari kuwa, ko azahar ba ta kai ba. Najib ƙirga yake yi, ɗaya zuwa takwas, kowa ya sara tare, ya taka tare, a kan takwas a cilla garma tare. Nababa bai taɓa noma da ƙirga ba. Kafin a ce huɗu ya yi gaba ya bar layi. Sai a tsayar, a ce, "Baba, rage sauri, kana ɓata tsari." Ya rage, ya sake mantawa. In ya cilla garma sai ta wuce inda kyamara ke gani, aka ce ya riƙa cillawa ƙasa-ƙasa. Da aka gaji, aka matsar da shi gefe, Kamaruddeen ya koma tsakiya tun da shi ba ya kuskuren ƙirga. Washegari aka mayar da Nababa sahu na biyu.

Samarin birnin sun iya rawa, wannan gaskiya ce. Jikinsu laushi, tsallensu ɗaya, murmushinsu ba ya gushewa. Noman ne dai babu. Garma suke shafa wa ƙasa kamar masu tsoron kada su ji mata ciwo. Duk sanda aka tsayar da ɗauka, su sai su koma inuwa su sha ruwan leda, mutanen gari su bi layukansu su tayar da kunyar gaske, sannan a dawo da su su tsaya a kai. Ka ga rawa daban, noma daban, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. A rana ta uku Najib ya tayar da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, ya ɗauki gonar gaba ɗaya, ya ce bai taɓa ganin layuka masu kyau haka ba.

Da zai tafi ya ce, "Baba, don Allah kada a taɓa su. In gyaɗa ta yi kore zan dawo in ɗauka, da shi za a rufe fim ɗin."

Ina zauren Nababa da la'asar ɗin ranar, Barira ta kawo mana ruwa ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, yaushe za a juya huɗar?"

Ya ce, "Kin ji abin da yaron ya ce."

Ta ce, "Na ji. Shi yaron a gonar zai ci tuwo?"

Ya ce, "Damina ɗaya ce. Ƙasata tana da ƙarfi, za ta ɗauka."

Ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta koma ciki. Gaskiyar maganar ita ce ko ya so juyawa ba shi da mataimaka. Ba a kiran gayya sau biyu a gona ɗaya cikin damina ɗaya, shi kaɗai kuma ƙarfinsa ba zai kai ba kafin lokacin shuka ya wuce. Da a ce ya sauke kai ya je gida-gida ya ce ya yi kuskure, da an zo masa, ni ma da na zo. Amma Nababa ya ce ya yi kuskure? Ya gwammace ya zuba irin gyaɗarsa a haka.

Gyaɗa ta fito, ta yi kyau har ta ba da haushi. Layuka kore shar daga tudu zuwa rafi, 'yan acaba suna tsayawa suna ɗaukar hoto. Nababa ya riƙa zuwa bakin hanya yana duba motar Najib. Ya sa an kira shi a waya sau biyu, ya ce yana nan tafe.

Ruwan ne ya riga shi zuwa. Wata Alhamis cikin watan Agusta, bayan azahar, hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har la'asar sakaliya. Da ya ɗauke kowa ya nufi gonarsa, ni kuwa na bi Nababa. Tun daga nesa muke jin ƙara. Kowane kwari tsakanin kunya da kunya ya zama ƙorama, ruwa yana gudu ba abin da ya tare shi. Ya ci gindin kunyoyin, gyaɗa ta kwanta saiwa a waje. Baƙar ƙasar nan da ya yi shekaru yana kai wa taki tana can cikin rafi, ta bar jan tsakuwa. A tsakiya, daidai layin da Kamaruddeen ya yi rawa, ƙasa ta tsage har ƙugun mutum. Nababa ya tsaya a bakin ramin hannu a baya. Iliyasu ya leƙo ta kan iyaka, gonarsa lafiya lau, ya ce, "Sannu barde. Wannan kam hanya ce mai kyau." Ban ga laifinsa ba.

Abin da ya tsira na gyaɗa bai taka kara ya karya ba. Najib bai dawo ba, ashe ya rufe fim ɗinsa da hoton giginyoyi. Bayan kaka fim ya fito, muka kalla a wayar Iliyasu a gindin ɗinya, kai bisa kai. Minti tara ne, kuma ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Rana tana fitowa, samari shida suna gangarowa, garemani suna tashi tare suna sauka tare. Nababa yana ta cewa a tsaya, a koma baya. Mun ga kafaɗarsa sau biyu a bayan wani. Sau ɗaya kuma aka nuno hannaye kusa-kusa, baƙaƙe masu kanta, sun riƙe tsohuwar ƙota suna juya ƙasa. Duk mun san hannun waye. Sai hoton ya ɗago, ga fuskar Kamaruddeen tana murmushi. An ɗinke su wuri ɗaya, ba ka ganin ɗinkin.

Daga nan ba wanda ya ƙara zuwa ɗaukar Nababa duba gona. Ba a yi shawara ba, ba a faɗa masa ba, an daina ne kawai. Samari suka sa masa Baban Fim, yana ji yana wucewa. Ya shekara yana jido duwatsu da buhunan yashi yana cusa wa ramin, shi da Barira da jaki.

Bana kafin ruwa ya sauka, aka aiko wani malamin gona, yaro matashi baƙo, ya tara manoma a ajin firamare zai yi bayani kan zaizayar ƙasa. Ya zo da majigi yana haska hotuna a bango. Muna zaune a kan bencin yara, Nababa a sahun gaba kusa da ni. Aka nuna kwazazzabai na wasu garuruwa, aka nuna yadda ake dasa ciyawa a bakin rafi. Sai ga hoto daga sama, gona a gangare, layuka sambal zuwa rafi, mutane ƙanana kamar tururuwa, giginyoyi a ƙasa.

Malamin ya ce, "Wannan a wani fim na samo shi, ban san ko ina ne ba. Kun ga kyau kamar zane. To, wa zai gaya mana kuskuren mai gonar nan?"

Mutum arba'in a ɗakin, kowa ya san giginyoyin nan. Iliyasu ma sunkuyar da kai ya yi. Na ji ina ma ƙasa ta buɗe in shige, duk da ba ni aka tambaya ba.

Sai Nababa ya miƙe. Ya taka zuwa bango, hasken majigin ya faɗo a rigarsa. Ya sa yatsa a saman hoton ya ce ruwa daga nan zai taso. Ya nuna inda zai taru, da inda zai fara cin ƙasa, da layin da zai tsage. Ya nuna yadda ya kamata a ja kunyoyin, inda za su karkata kaɗan saboda wani tudu da ko a hoton ba a gani, da inda za a bar wa ruwa 'yar kafa ya fita a hankali.

Malamin ya saki baki. Ya ce, "Baba, wallahi ko a makaranta ba a koya mana haka ba. Da ma mai gonar nan ya san abin da ka sani."

Nababa ya ce, "Ya sani, ɗana. Ranar da ya yi ma ya sani."

Ya dawo ya zauna kusa da ni, ya ɗora hannayensa a gwiwa, malamin ya wuce zuwa hoto na gaba.